Tankar Baba da Na Ƙara wa Ƙarfi

Ni mutum ne da ba na iya ganin abu yana aiki in ƙyale shi. Kowa ya san ni da wannan hali a layinmu na Tudun Wada. Na daɗe ina gyaran fanka da dutsen guga da injin markaɗe a ɗan shagona, kuma ban cika mayar wa mutum kayansa yadda kamfani ya ƙera shi ba. Ka kawo mini fanka ta daina juyawa, in mayar maka da ita tana neman yaye kwanon ɗaki. Wasu su yi godiya, wasu su ce iyayina ya yi yawa. Masu faɗin haka ina ba su amsa daidai da su, don ni ba na haɗiye magana. A kan tankar Baba ne kawai bakina ya mutu.

Baba direban katafila ne har ya yi ritaya. Mutum ne mai faffaɗan tafi, in ya gaisa da kai sai ka duba yatsunka ko sun cika. Bayan ya bar aiki, babu abin da yake ji da shi kamar ciyayyar zaurenmu. Kullum bayan magariba za a fito da kwanuka, Liman na masallacin layinmu ya zo da nasa, wani tsohon tela abokin Baba ya taso tun daga Gyallesu da nasa a ɗaure bayan keke. Su ci tuwo, su yi musu a kan abin da bai shafe su ba, su tashi isha'i.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ɓarin dama. Allah Ya taƙaita, baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo yana jan ta da sanda. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suna motsi, amma ba ƙarfi, ga rawa. Tun daga ranar da aka sallamo shi Baba bai ƙara leƙa zaure ba. Ya ce shi ba zai ci tuwo da hagu a gaban mutane ba, kuma ba zai miƙa wa Liman hagu su gaisa ba. In an zo duba shi sai ya cusa hannun cikin babbar riga, ya amsa gaisuwa da ka. Abinci kuwa sai an saki labule yake ci. A ɗakin gashin ƙashi na asibiti sun ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ce shi ba kyanwa ba ne, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu ana kunyar nan ta gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "mai shago" yake ce mini. Ina durƙushe a gabansa zai dubi bango ya ce, "A gaya wa mai shago fankar ɗakin nan tana ƙara." Ni ma in dubi ƙasa in ce za a duba. Inna da tsufa ya zo ta ɗan sake, tana yi mini magana, amma fuskarta na kallon wani wuri. Haka muka rayu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Autarmu kuwa, wadda ke aure a Hanwa, ita ba ruwanta. A bakin gadon Baba take zama, ta ja gemunsa ta ce ya yi furfura. Ita ce ta shigo wata ranar Asabar da kwali a hammata, ta ce ta yi wa Baba tsaraba daga wajen 'yan gwanjo a Sabon Gari. Da ta buɗe sai ga tankar yaƙi ta wasa, koriya, tsawonta kamar kamu ɗaya, bakin bindigarta ma a karye. Na ce, "Ke dai ba ki da hankali. Dattijo za ki kawo wa kayan yara?" Ta murguɗa mini baki ta ce, "Yaya, ina ruwanka? Kai me ka kawo?"

Baba bai kula bindigar ba. Ƙafafun ya kafa wa ido, sarƙar nan ta roba da ke zagaye da ƙananan tayoyi. Sannan ya dubi rimot ɗin. Liba biyu ne a jikinsa, 'yan sanduna da ake turawa da yatsa, ta hagu tana jan sarƙar hagu, ta dama tana jan ta dama. In kana son tafiya miƙe sai ka tura su daidai da juna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haka katafila take." Ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama, ya ɗora babban yatsan a kan libar.

Ranar tankar ba ta je ko'ina ba. Yatsan hagu yana turawa, na dama ya kasa, sai ta yi ta zagaye wuri ɗaya a tsakar gida. Auta tana ta dariya, Baba yana cewa, "Tsaya, tsaya, ai giyar dama ce ba ta shiga ba." Rabon da in ji muryarsa da wannan karsashi tun kafin ciwon.

Daga nan kullum bayan la'asar sai Inna ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango, ya ɗora rimot a cinya. Tankar nan tafiyar kunkuru take yi, wallahi kaza mai kiwo tana wuce ta. Da farko zagaye take. Bayan 'yan makonni zagayen ya buɗe, ta koma tafiya a karkace, ta nufi zaure ta ɓuge a wajen murhu. Sannu a hankali karkatar ta ragu. Wata rana na shigo na ga carbi a hannunsa na dama. Wata rana kuma Inna ta faɗa wa randa, don in ji, cewa yau da dama aka riƙe ludayin koko. Likitar gashi ta ce ko mene ne yake yi a gida, kada ya kuskura ya daina.

To, ga inda shaiɗan ya shigo mini. In na rufe shago da wuri nakan tsaya a bakin zaure in yi kallo. Sai in ga tankar ta taso daga ƙofar ɗakin Baba, ta ratsa tsakar gida, ta zo ta dafa dokin ƙofar zaure, wanda tsayinsa bai fi yatsu huɗu ba. Nan za ta tsaya tana ƙas-ƙas-ƙas, sarƙa ba ta juyawa. Baba ya ja liba baya, ya mayar da ita ƙofar ɗakinsa, ya sake tasowa. Kullum haka. Ƙarar nan har cikin haƙorana nake jin ta. Na ce a raina, mutumin da ya ture duwatsu da katafila, yau ɗan dokin ƙofa ya gagare shi, ni kuwa ina mai gyara a gidan? Ba zai yiwu ba.

Kuma gara in faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Akwai kishi a ciki. Ni ne babba, ni ne mai sana'ar hannu, amma auta ce ta kawo abin da ya tayar da Baba. Ina so a ce ni ma na yi wani abu. Ina so in ji ya dubi bango ya ce mai shago ya iya aiki.

Ban tambaye shi ba. Ta yaya ma zan tambaye shi? Ba mu saba zama mu yi shawara ba. Auta zan iya aikawa, amma girman kai ya hana ni. Wata ranar Lahadi yana barcin rana na ɗauki tankar da rimot, na ce wa Inna zan ɗan duba ta. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

A shago na kwance ta. Ciki akwai ƙananan moto guda biyu masu juya sarƙoƙin, kowanne bai fi babban yatsa ba, kowanne da akwatin giyarsa na farar roba. A cikin giyoyin na ga abin da ke ƙas-ƙas ɗin. Wani ɗan kuloci ne da sifirin, in nauyi ya yi yawa sai ya zame don kada haƙora su karye. Na yi tsaki na ce ragwanta ce kawai. Na ɗiga masa gam na liƙe shi. Ina da injin huda guda biyu masu batir da suka mutu, amma motocinsu lafiya lau. Na ciro su, kowanne ya ninka na tankar sau uku a kauri. Ba su shiga mazauninsu ba, don haka na sa zarto na yanke mazaunin, na bi da magagari. Haƙoran roba ba za su ɗauki wannan ƙarfi ba, sai na farke wata tsohuwar na'urar buga takardu na ciro giyoyin ƙarfe, na yi ta gwadawa har suka hau. Batir ɗin tankar na cire na haɗa mata na kwamfuta guda uku. Allon da ke karɓar umarni daga rimot ya fara zafi yana wari, na sauya masa abin da ya ƙone da manya. Tsofaffin moto da giyoyin roba kuwa na watsa su a kwandon shara, washegari 'yan jari-bola suka kwashe.

Akwai abin da na sani sarai, na take shi. In ƙarfin hawa kake so, giya ake saukarwa, abu ya ƙara nauyin tafiya amma ya ture komai. Kowane direban katafila ya san haka, Baba zai faɗa mini a numfashi ɗaya. Ni kuwa na ce me zai hana a samu ƙarfi a samu gudu? Na sa wa moto babban haƙori. Da na gwada ta a gaban shago ta haye bulo, ta ja kujerar roba, ta tayar da ƙura. Mutanen layi suka taru suna tafi. Kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan.

Kwana biyar na yi ina wannan aiki. Kwana biyar Baba yana zaune a tabarma bayan la'asar hannu a cinya, bai ce a tambayi mai shago ina tankarsa ba.

Ranar Juma'a na gama, kuma ranar na tafka babbar wautar. Bayan an sauko masallaci na tare Liman da tela na ce su zo bayan la'asar su ga abin mamaki, Baba ya samu sauƙi har tuƙi yake. Suka yi murna, don sun yi kewarsa. Baba bai san da zuwansu ba sai da ya ji sallamarsu a tsakar gida. Na ga ya yi saurin jan hannun riga ya rufe damansa. Inna ta shige ɗaki. Na shimfiɗa musu tabarma a gefe, na kawo shayi a tire na ajiye gabansu, sannan na durƙusa na ajiye tankar a gaban Baba, na tura masa rimot. Na dubi ƙasa na ce, "An ɗan ƙara mata ƙarfi. Yau za ta hau dokin ƙofa."

Baba ya dubi tankar, ya dubi baƙinsa. Tela ya ce, "Alhaji, a nuna mana aikin katafila mana!" Da ni kaɗai ne da ya ce a ajiye sai gobe. Amma ba zai kunyata ɗansa a gaban mutane ba. Ya zaro hannun daga riga, a karo na farko a gabansu, ya ɗora yatsan a kan liba.

Ya taɓa ta kaɗan, irin taɓawar da ya yi watanni yana koya. Tankar ta zabura kamar an tsikari jaki. Ya firgita, yatsan dama ya fara rawa, kuma duk rawar da ya yi sai tankar ta nuna ta a fili. Da can nauyin tafiyarta yana shanye rawar, kafin ta amsa yatsan ya daidaita. Yanzu kuwa ta fizga dama, ta fizga hagu, ta juya a wuri ɗaya tana watsa ƙasa. Ya yi ƙoƙarin ja baya, yatsan ya zame ya danne libar gaba ɗaya. Ta kwasa a guje ta yi kan baƙi, ta haye tire, ta kifar da butar shayi a kan rigar Liman, ta wuce ta daki bango. Kulocin da zai zame na riga na liƙe shi, don haka ta ci gaba da haƙar bango har sarƙar dama ta tsinke ta yi tsalle.

Tela ya fashe da dariya, ba da mugunta ba, abin ne ya zo masa ba shiri. Sai ya waiwaya ya ga Baba, nan take ya daina dariyar. Hannun Baba yana kan rimot yana karkarwa, ya kasa ɗauke shi, ya kasa tsayar da shi, kowa yana gani. Liman yana kakkaɓe riga yana cewa, "Ba komai, Alhaji, ai bai yi zafi ba." Ni kuwa na sandare a durƙushe, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba ya sa hagu ya ɓamɓare yatsan daga liba, ya mayar da hannun cikin riga. Ya tura rimot gefe. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri." Sannan ya dubi bango ya ce, "Allah Ya yi wa mai shago albarka. An sha aiki." Ya jawo sandarsa ya shiga ɗaki, ya saki labule. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan baƙi sun tafi ina tsintar gutsattsarin sarƙa, Inna ta fito. Ranar ba ta kalli randa ba, ni ta kalla. Ta ce, "Wa ya ce maka hawa yake so ta yi?" Na ce ai kullum ina ganin ta tana kasa dokin ƙofa. Ta ce, "Dokin ƙofar nan shi ne iyakarsa. Cewa ya yi ranar da ya kai ta can a miƙe sau uku a jere, ba ta karkace ba, ranar zai fita zaure ya ci tuwo da mutane. Ranar Asabar sau biyu ya yi. Har ya sa na wanke masa farar rigarsa." Na ce, "Haba Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Na faɗe ta da ƙarfi, irin yadda nake yi wa masu kawo gyara. Ta ce, "Ka tambaya?" Ta koma ɗaki.

Na ce kwana biyu zan mayar da ita yadda take. Ina! Mazaunin moto na yanke shi, giyoyin roba sun bi jari-bola. Na bi 'yan bolar har inda suke tara kaya, na yi ta tonon tsibin ƙarafa kamar mahaukaci, ban samu ko haƙori ɗaya ba. Na rage batir, sai manyan motocin suka ƙi tashi a hankali, ko su tsaya cik ko su fizga. Na zagaye 'yan gwanjon Sabon Gari, na je Kaduna, na je Kano. Motocin wasa ga su nan birjik, amma duk masu sitiyari ne ko liba ɗaya, wadda hagu kaɗai za ta iya tuƙawa. Auta ta ce in bari mijinta ya sa a nemo wata daga waje. Na daka mata tsawa na ce ni na ɓata, ni zan gyara. Wannan tsawar ma tana cikin abubuwan da nake nadama, don ta ci mana wata guda a banza.

Sai da damina ta wuce na samu ƙananan moto daga wata tsohuwar na'urar bidiyo, na sassaƙa musu mazauni da katako, na saukar da giya yadda ya kamata in yi tun farko. Na ɗinke sarƙar da zaren kamun kifi. Ta dawo tana tafiyarta a hankali. Na kai ta ƙofar ɗakin Baba na ajiye, na ce wa labule an gyara. Aka ce daga ciki, "Madalla." Kwana uku tana nan inda na ajiye ta. A na huɗu Inna ta ɗauke ta ta ɗora a kan kabad.

A duk watannin nan Baba bai fito tabarma ba, kuma ya ƙi zuwa gashi. Duk ranar da aka ce a tafi sai ya ce jikinsa ba daɗi. Carbi ya koma hagu. Hannun dama yana cikin riga, ba wanda yake ganin sa. Da ƙyar auta ta yi ta kuka har ya yarda a koma asibiti. Ranar ɗanta ba lafiya, don haka ni na ɗauko mai adaidaita na raka shi.

Likitar gashin yarinya ce, ba ta kai auta ba, amma ba ta wasa da aikinta. Ta ce, "Baba, kawo hannun mu gani." Ya zaro shi. Rabona da ganin sa tun ranar Juma'ar nan. Yatsun sun lanƙwashe sun shige cikin tafi, babban yatsan yana ƙarƙashinsu. Ta kama ɗaya ta ja a hankali, Baba ya runtse ido. Ta saki, yatsan ya koma inda yake. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, ta shafa mai ta sake gwadawa. Sannan ta ajiye hannun a kan cinyarsa, ta ce jijiyoyin sun riga sun ƙage. Za a ci gaba da gashi don kada ya yi masa ciwo, amma kada mu sa ran zai sake riƙe wani abu da shi.

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ce, "Baba, kai da ka kusa warkewa? Har misali nake yi da kai ga sauran marasa lafiya. Me ya faru? Ina tankar da aka ce kana tuƙawa?" Ta juyo kaina. "Malam, kai ne ɗansa? Yaya aka yi kuka bari ya daina?"

Na buɗe baki ke nan Baba ya riga ni.

Ya ce, "Likita, ba laifinsu. Yaran nan sun yi iya ƙoƙarinsu. Tankar ma har gyara ta aka yi mini, ta fi da kyau. Ni ne lalaci ya kama ni, kin san tsufa."

Ta yi masa faɗa, faɗa sosai, irin wanda ake yi wa yaron da ya ƙi shan magani. Ta ce ya yi wa kansa, ya yi wa iyalinsa da suke wahala da shi. Baba yana sunkuye yana cewa, "Haka ne, haka ne, a yi haƙuri." Ina tsaye a bayansa riƙe da sandarsa. Kalma huɗu kawai zan faɗa, in ce ni ne na ɓata. Ban faɗa ba. Na bar dattijo ya sha faɗan da nawa ne har ta gama, ta rubuta mana ranar dawowa.

Da za mu tashi, kujerar ta yi masa ƙasa, ya yunƙura sau biyu ya kasa. Na matso na miƙa masa hannu. Ya dubi damansa a kan cinya, sannan ya ɗago ɗayan ya sa a cikin nawa.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, hagu ce."